Tambayi Injiniya: Na kai wuta bolt 400 amma ƙarfen dogo ya ƙi amsa min

Masu karatu barkanmu da war haka. Wannan satin wasiƙu uku suka haɗu a kan abu ɗaya ba tare da masu su sun san juna ba, wato na'urar nan da ake binciken tsaga a cikin ƙarfen dogo da sautin da kunne ba ya ji. Ta farko ce ta cinye min fili, sauran ku yi haƙuri da ni.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, da fatan kana lafiya ya iyali ya zafi. Ni ɗalibi ne ajin ƙarshe ɓangaren lantarki, ina zaune a Yelwa nan Bauchi. Firojet ɗina shi ne haɗa sakit da zai riƙa buga fiyezo mai megahaz 2 don gano tsaga a ƙarfen dogo, akwai guntun dogo a wokshof ɗinmu da muke gwaji da shi. Na ɗaga wutar batir daga bolt 12 zuwa 400, na sa mosfet IRF840 Arduino yana kunna shi kai tsaye, sai LM358 a gefen karɓa. Wallahi Injiniya mosfet uku na ƙona, LM358 ɗin ma ya mutu sau biyu, kuma ko alamar amsa kuwwa ban gani a osiloskof ba. Wani abokina ya ce wutar ce ta yi kaɗan in kai ta bolt 1000. Don Allah a taimaka difens saura wata ɗaya da 'yan kwanaki.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai ka gaida min abokin naka ka ce masa na ce a'a. Bolt 400 ya ishe ka har ya yi yawa, na'urorin da ake sayarwa na wannan aikin galibi tsakanin bolt 100 zuwa 400 suke bugawa, kuma da 150 ma za ka ga amsa a guntun dogo in dai sauran abubuwan sun zauna daidai. Ciwon da ke damun sakit ɗinka nawa ne, wato jinkiri, wutar tana isa amma tana tafiyar hawainiya.

Ka tuna yadda iyayenmu mata ke sayen tulu a kasuwa, za ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa shi sau ɗaya, ƙwas, sai ta kasa kunne. In ta ɗora tafin hannu ta danna tulun a hankali, ko da ƙarfin ƙato goma ne, ba abin da zai ce mata. To fiyezo haka yake, ɗan faifan tangaran ne wanda in wuta ta canza a jikinsa sai ya motsa, in kuma an motsa shi sai ya fitar da wuta, abin da 'yan uwan nan biyu Pierre da Jacques Curie suka gano a Faransa tun 1880. Naka mai megahaz 2 yana karkarwa sau miliyan 2 a sakan guda, zagaye ɗaya nanosakan 500 ke nan, rabinsa 250. Bugun da zai tashe shi dole gefensa ya faɗo cikin 'yan nanosakan 20 zuwa 30, duk abin da ya ɗauki lokaci fiye da rabin zagayen nan dannawa ce kawai kake yi masa.

Yanzu mu duba abin da ka haɗa. Ƙafar Arduino Uno bolt 5 take bayarwa da wajen miliampiya 20. IRF840 mosfet ne, wato turansistan da ke aiki a matsayin makunnin wuta, get ɗinsa kuwa, ƙafar da ake kunna shi da ita, kamar randa ce sai an cika ta kafin ƙofa ta buɗe, cajin da yake sha ya kai wajen nanokulom 60, ka raba 60 ɗin da miliampiya 20 za ka samu kusan maikrosakan 3, wato ninki 12 na rabin zagayen da muke magana. Ga shi kuma bolt 5 ba ya buɗe IRF840 gaba ɗaya, shi bolt 10 yake so a get. Sai ya tsaya rabi buɗe rabi rufe da bolt 400 a kansa, yana shan zafi har ya sheƙa. Ka ga inda mosfet ɗinka uku suka tafi, ba aljanu ba ne.

Maganin shi ne direban get, ɗan aisi mai ƙafa 8 da ake sawa tsakanin Arduino da mosfet. TC4420 yana iya tunkuɗa har ampiya 6 na ɗan lokaci, ka ba shi bolt 12, ka manna masa kafasita ta tangaran mai nanofarad 100 da wata mai maikrofarad 1 dab da ƙafafunsa, dab fa nake nufi, kar ka ja waya. In kuɗi sun samu akwai MD1213 da TC6320 na kamfanin Microchip waɗanda dama don wannan aikin aka yi su, sai dai TC6320 iyakarsa bolt 200 ne kuma 'yan mitsi-mitsi ne sodarinsu sai mai haƙuri, da wuya kuma ka same su a shagunan Wunti sai dai oda, ga difens a bakin ƙofa, ni dai da ni ne TC4420 zan nema.

Tsarin bugun kansa ba wuya. Wutar bolt 200 ko 300 ta bi ta rezista mai wajen kilo'om 47 zuwa diren na mosfet, wato ƙafar da babbar wuta ke shiga, daga diren ɗin kafasita mai nanofarad 1 ta tafi zuwa fiyezo, a gefen fiyezon ka sa dayod mai sauri da zai ba kafasitar hanyar cika, da rezistar kashe karkarwa zuwa ƙasa, wato layin sifili na sakit ɗin. Kafasita na nan cike tana jira, mosfet na buɗe hanya zuwa ƙasa farat ɗaya sai ɗaya gefen nata ya nutse zuwa ƙasa da sifili da kusan adadin wutar nan, wannan nutsewar ita ce ƙwanƙwasar. Abu biyu da ɗalibai ke mantawa, kafasitar ta zama mai jure bolt 630 ko 1000, sannan ƙaramar rezistar nan ta kwata wat da muke saye a leda wajen bolt 250 take jurewa, don haka ka jera biyu a layi maimakon ɗaya.

Wani lissafi da nake so ka kai wa sufabaizanka don ya san ka yi karatu. Fiyezo da wayarsa su ma kafasita ne, wayar koyaksiyal kaɗai tana da wajen fikofarad 100 a kowace mita. Mu ce duka sun kai nanofarad 1. Kai su bolt 200 cikin nanosakan 20 yana buƙatar ampiya 10. Ampiya 10 fa ƙanena, a kan biredibod, allon gwajin nan mai ramuka da ake cusa waya ba soda, da wayoyin nan masu kala-kala masu tsawon taƙi suna reto kamar igiyar shanya! Kowace waya a wannan saurin ta zama kwayil, ita ce ke haifar da tsallen wuta da ke ƙarasa mosfet, kuma ita ce ke cika maka sikirin da shara. Ka cire shi daga biredibod ka yi sodarinsa a kan allo mai faffadan tagulla a matsayin ƙasa, mosfet da kafasita da soket ɗin fiyezo su matsu wuri guda kamar fasinjan bayan a-kori-kura. Abin mamakin shi ne wutar da ake ci gaba ɗaya ba komai ba ce, nanofarad 1 a bolt 300 maikrojul 45 ne a kowane bugu, sau 1000 a sakan ya zama miliwat 45, ko tocilan ta fi shi ci. Saboda haka babbar taransifoma ba ta da aiki a nan.

To an buga, saura shiru, kuma ni a wurina nan ne rabin aikin yake. Mai kalangu in ya buga yana so sautin ya tsaya sai ya dafe fatar. Fiyezon da aka buga aka bari zai yi ta ƙara shi kaɗai, kuma muddin yana ƙara ba ya jin kowa. Sauti a cikin ƙarfe yana gudun wajen mita 5,900 a sakan, kusan milimita 6 a kowane maikrosakan. In fiyezonka ya ɗauki maikrosakan 5 kafin ya yi shiru, milimita 15 na saman dogon sun wuce ka a makance tunda zuwa da dawowa ne, ga shi kuma kan dogo inda ƙafar jirgi ke murzawa nan tsaga ta fi son fara ɓullowa. Rezistar kashe karkarwar nan ita ce tafin hannun mai kalangu, ka fara da om 50 ko 100 ka riƙa canzawa har 500 kana kallon sikirin, ƙarama tana kawo shiru da wuri amma tana rage ƙarfin amsa, babba tana ƙara ƙarfi tana ja maka wutsiya. Ba lambar da zan ba ka daga nan ofis ta yi daidai da fiyezonka, sai ka zauna ka gwada.

Sai LM358, aisin da ka sa don ƙara ƙarfin amsa, Allah ya jiƙansa. Laifi biyu ka yi masa. Ka haɗa kunnensa da wayar da bolt 400 ke bi ba kariya, alhali amsar da yake jira 'yan milibolt ce ko ƙasa da haka. Ka sa rezista a layi, bayanta dayod 1N4148 guda biyu kai da ƙafa zuwa ƙasa, babban bugu in ya zo su datse shi a wajen bolt 0.7, ƙaramar amsa kuwa ba ta kai ta buɗe su ba sai ta wuce abinta. Laifi na biyu, ko da ya rayu ba zai yi maka komai ba, ƙarfinsa yana ƙarewa ne a wajen megahaz 1 kai kuma kana aiki a 2. Nemi mai faɗin zango irin AD603 ko makamancinsa. Kuma kar ka wahalar da kanka wai Arduino ya karanto maka amsar, Uno samfur wajen 10,000 yake ɗauka a sakan, aikinsa a nan ya ba da umarnin bugu kawai, kallo na osiloskof ne, na'urar da ke zana motsin wuta a sikirin.

Tambayar da ban ga amsarta a wasiƙarka ba, me ka shafa tsakanin fiyezo da ƙarfen? Don na taɓa ganin yara sun kwana uku suna canza turansista ashe a bushe suke ɗora kan na'urar a kan tsatsa. Iska ko siririya kamar gashi ce tana mayar da kusan dukkan sautin baya. Ka goge wurin da samfefa har ya yi ƙyalli, ka ɗiga ruwa ko man inji ko giris, ka danna. Sannan ka auna tsayin dogon da ruula ka yi lissafin inda amsa za ta fito tun kafin ka kunna, misali dogo mai kilo 60 a mita tsayinsa milimita 172 ne, zuwa da dawowa 344, amsar gindinsa za ta fito a wajen maikrosakan 58. Namu na tsohon layi ya fi wannan gajarta don haka taka za ta riga haka fitowa. In ka san inda za ka duba ka daina bin kowane ƙaiƙayi a sikirin kana cewa tsaga ce. Ranar difens ka sa a huda maka rami a gefen guntun dogon da dirila, ka nuna musu amsar gindi tana raguwa wata sabuwa na tasowa kafin ita daidai lokacin da ka zo saitin ramin, wannan kaɗai ya isa.

Ka kula da furob ɗin osiloskof, yawancin masu ninki 10 iyakarsu bolt 300 zuwa 400 ne, in akwai mai ninki 100 a lab shi za ka roƙa. Kuma ka sa rezista mai megaom 1 a kan babbar kafasitar wutar don ta riƙa zubar da caji in an kashe. Ni da kaina na taɓa cire batir na je na yi sallar la'asar na dawo na kai hannu, wallahi sai da sukundireba ya bugi silin, tabon yana nan a babban yatsana.

TAMBAYA: Oga Injiniya barka da aiki. Ni mai gyaran talabijin da rediyo ne a Jekadafari Gombe, shekara 19 ina wannan sana'a. Na ga bidiyon abin a Facebook ya burge ni, shi ne nake cewa tunda wuta mai ƙarfi ake nema me zai hana in ciro na cikin raket ɗin kashe sauro ko fulaibak na tsohuwar talabijin, in haɗa da ɗan sensan nan mai ido biyu da yara ke sawa a mota-mota? Duk ina da su a shago.

AMSA: Maigida sannu da ƙoƙari, irinku ne kuka koya mana riƙe ayan ɗin soda tun kafin mu san sunan abin da muke ƙonawa. Amma wannan haɗin ba zai yi ba. Raket ɗin sauro dubban bolt yake fitarwa, fulaibak kuwa, taransifomar nan mai ɗaga wutar sikirin, kai ka fi ni sani ya haura 20,000, faifan fiyezo mai megahaz 2 kaurinsa wajen milimita 1 ne, irin wannan wutar huda shi za ta yi ko ta goge masa halinsa ya koma tangaran kawai. Kuma wutar tasu ba ta da tsari, yau ta yi sama gobe ta yi ƙasa, alhali mai binciken dogo yana kwatanta tsayin amsar yau da ta jiya ne, in bugun bai zama iri ɗaya kowane lokaci ba awon ya tashi a banza.

Shi kuma mai ido biyun, HC-SR04, kilohaz 40 yake yi kuma don iska aka ƙera shi. A kilohaz 40 tsawon zango ɗaya na sautin a cikin ƙarfe ya kusa santimita 15, kusan tsayin dogon gaba ɗaya, kamar ka ce za ka tsince tsakuwa a shinkafa da shebur. A megahaz 2 zangon wajen milimita 3 ne, a 4 kuma ɗaya da rabi, shi ya sa aikin dogo yake zaune a tsakanin nan.

In kana son wasa da abin da ke shagonka, sakit ɗin filashin tsohuwar kyamara yana ba da wajen bolt 300, daidai wurin. Sai dai ka cire babbar kafasitarsa ka sa ƙarama, don waccan tana riƙe abin da zai iya kayar da mutum. Faifan injin nan mai fesa hazo a ɗaki shi ma fiyezo ne mai megahaz 1.7 ko 2.4, ba shi da abin dafewa a bayansa don haka surutunsa yawa gare shi, amma a kan ƙarfe mai kauri za ka iya ganin amsar gindi. Matsalar ita ce mitar awon wuta ba za ta nuna maka komai ba sai osiloskof. Da za ku haɗu da ɗalibin da ke sama ai da an gama, shi yana da lab kai kana da hannu.

TAMBAYA: Injiniya wannan saƙon kakana ne ya sa in rubuto daga Bajoga. Ya ce ya yi aikin reluwe shekaru masu yawa, a zamaninsu da ƙafa suke bin layi da guduma a hannu, suna bugawa suna saurare, kuma kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Wai yana tambaya wannan na'urar taku me ta fi guduma da shi?

AMSA: Ka gaishe min da Baba da kyau, ka ce ɗansa yana gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Baba ai sana'arku ce muka gada muka sa mata batir. Layin nan da kuka bi da ƙafa ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, ya dangana da Maiduguri a 1964, kuma gudumar irinku ce ta riƙe shi.

Inda na'ura ta yi gaba shi ne tsagar da ke farawa daga can cikin kan dogo tana girma a ɓoye, waje sumul. Irinta ce ta karya dogo a garin Manchester na jihar New York a Amurka a 1911 mutum 29 suka rasu, abin da ya tayar da neman hanyar leƙa cikin ƙarfe, har Elmer Sperry ya fito da motar binciken dogo a 1928, ita da maganaɗisu ta fara aiki, sauti daga baya ya shigo. A Hatfield ta Ingila ma a watan Oktoban 2000 ƙananan tsagogi a gefen kan dogo ne suka sa ya farfashe a ƙarƙashin jirgi mutum 4 suka mutu. Guduma tana ce maka ƙarfen nan ba shi da lafiya in ciwon ya riga ya yi girma. Na'ura tana ce maka ciwon yana zurfin milimita kaza tun yana ɗan ƙarami. Kuma ba kan fiyezo ɗaya take aiki da shi ba, akwai mai kallon ƙasa sak, akwai mai karkata digiri 37 ko 45 da ke neman tsagar da ke tashi daga hujin noti a mahaɗar dogo, wadda Baba ya fi kowa saninta, da mai digiri 70 da ke farautar ta cikin kan dogo. A motar bincike ana sa su cikin wata taya mai cike da ruwa tana birgima a kan dogon ana fesa ruwa a gabanta, kowanne da sakit ɗin bugunsa. In motar na gudun kilomita 36 a awa kuma ana so a buga duk bayan milimita 5, bugu 2,000 ke nan a sakan ga kowane kai.

Amma Baba kar yaran nan su ruɗe ka. Sautin da aka aika daga sama yana bin kan dogo da wuyansa ne ya sauka tsakiyar gindi, fukafukan gindin nan biyu da ke zaune a kan silifa, wato matashin da ake shimfiɗa dogo a kai, ba ya ganinsu, kuma nan tsatsa ke ci. Tsagogin saman ƙarfe in sun yi yawa sukan tare sautin su ɓoye babbar da ke ƙarƙashinsu. Ga zafinmu na watan Maris da Afrilu, ƙarfe ya yi zafin da ba ka iya dafa shi, ruwan da ka zuba ya ƙafe kafin ka ɗora kai, robar da ke karkatar da sautin ita ma zafi na canza mata kusurwa sai an sake saiti a kan ƙarfen gwaji. Sannan ba na'urar sautin da za ta gaya maka ruwan sama ya kwashe ƙasar ƙarƙashin kwalbati, ko 'yan jari-bola sun kwance noti cikin dare. Wannan har gobe sai mai tafiya da ƙafa.

Jikan Baba, kai kuma in ka samu dama ka ɗauko waya ka naɗi bayaninsa na yadda ƙarar lafiyayyen dogo take da ta mai tsaga, ka turo mana ta adireshin mujalla, ina so in kunna wa ɗalibin Yelwa kafin ranar difens ɗinsa.